Wateringen, garin da ya haifi Kiki Bertens

Daga tsakiyar birnin Hague na ƙasar Holan na hau tram, ƙaramin jirgin ƙasan nan mai bin titi ɗaya da motoci, na nufi kudu. Mai masaukina ya so in je bakin teku a Scheveningen kamar kowane baƙo, ni kuwa na ce Wateringen za ni, domin na daɗe ina son ganin garin da aka haifi Kiki Bertens, 'yar wasan tanis, a watan Disambar 1991.

Tafiyar ba nisa. Kafin ka ankara benaye sun ƙare, gidajen gilashi sun fara. Yankin Westland ke nan, inda ake noman tumatir da tattasai da furanni a ƙarƙashin rufin gilashi, layi-layi har iya ganinka. Garin shiru, sai masu keke da wani tsohon injin niƙa mai aiki da iska, Windlust. Ba abin da zai nuna maka cewa 'yar nan ta taɓa zama ta huɗu a duniya a wasan tanis.

Na bi da ƙafa har na iske wani filin tanis, na jingina da wayar shinge ina kallo. Ƙasar filin ja ce, garin jan bulo ne aka shimfiɗa aka daddaɓe. Wasu mata biyu masu manyanta sun gama bugawa, kowacce ta ɗauki raga mai faɗi tana ja a bayanta, tana kewaya ɓangarenta har sawun takalma ya ɓace, sannan aka share fararen layuka don masu zuwa. Na daɗe ina kallon wannan sharar fiye da wasan. A irin wannan ƙasa ƙwallo na rage gudu, tana tashi sama, ba a cin maki da bugu ɗaya. Sai mai haƙuri da ƙarfin ƙafa, kuma Bertens tana da su duka.

A jar ƙasa duniya ta fara saninta. A 2016 ta shiga gasar Roland Garros a Paris ba ta cikin waɗanda ake sa wa rai, ta fitar da Angelique Kerber a wasan farko, ta yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe, inda Serena Williams ta tsayar da ita. Rabon da wata 'yar Holan ta kai nan a manyan gasannin tanis huɗu na duniya, waɗanda Roland Garros ke cikinsu, tun Betty Stöve a 1977.

Abin da ya fi sa nake ganin girmanta ya zo ne bayan haka. A ƙarshen 2017 ta kusa ajiye wasan, saboda ya daina yi mata daɗi, sai fargaba da gajiya. Ta zauna da kocinta Raemon Sluiter, suka sake lale. A 2018 sai ga ta a Cincinnati, a fili mai tauri da ake cewa ba nata ba ne, ta doke Simona Halep wadda ke ta ɗaya a duniya, alhali saura maki ɗaya Halep ta ɗauki kofin. A watan Mayun 2019 ta cinye gasar Madrid ba a ci ta ko turmi ɗaya ba, ta sake kayar da Halep a wasan ƙarshe. Nan ta hau mataki na huɗu, ta wuce na biyar da Stöve ta taɓa kaiwa.

A tram ɗin komowa na zauna ina lissafin yadda abin ya ƙare da wuri. Agarar ƙafarta ta matsa mata, aka yi mata tiyata a ƙarshen 2020, kuma jikin bai koma yadda yake ba. Ta sanar da kanta cewa 2021 ce shekararta ta ƙarshe. Bayan gasar Olamfik ta Tokyo, inda Markéta Vondroušová ta fitar da ita a wasan farko, ta yi sallama da tanis tana da shekara 29, da kofuna 10 na WTA, ƙungiyar tanis ta mata ta duniya, da ta ci ita kaɗai.