Maganin da ba a gama sha: darussa daga aikin hawan jini da ciwon suga a arewacin Kamaru

Ƙananan asibitocinmu, daga Ngaundere har Kuseri, an tsara su ne domin cutar da ke zuwa ta wuce. Mai zazzaɓin cizon sauro ya sha magani kwana uku, ya miƙe, a rufe littafinsa. Mai hawan jini da mai ciwon suga kuwa maganinsu ba shi da ranar gamawa. In aka tara duk lokacin da suke yi a gaban ma'aikacin lafiya cikin shekara, ba zai cika yini guda ba. Sauran kwanakin suna gida, ko kasuwa, ko gona, kuma a can ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci.

Tuntuɓen farko a baki ake yin sa. Dattijo ya zo da awon hawan jini 17/10, wato 170/100, aka sa masa amlodipine miligiram 5, ƙwaya ɗaya kullum. Bayan wata guda awo ya nuna 13/8, ma'aikaci ya ce, "Baba, alhamdu lillahi, tansiyo ya sauka." Shi kuwa warkewa ya ji. Ba za a sake ganinsa ba sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga, ɓarin jiki ya shanye. Abin da ya kamata a ce shi ne, "Baba, maganin ne ya danne shi. Ranar da kuka bari zai tashi, kuma ba lalle ku ji komai a jikinku ba." A faɗa a gaban wanda ke sayen maganin, ɗa ne ko uwargida. Tambayar "kuna sha kullum?" ba ta kai mutum ko'ina, don kunya kowa i zai ce. A sa shi ya zo da kwalin, a ƙidaya. An ba shi ƙwaya 30 kwana 30 da suka wuce, ga 14 a ciki, ke nan yau ya sha, gobe ya tsallake, don maganin ya kai shi wata biyu. Lissafin aljihu ne, kuma ƙara masa ƙarfin magani ba zai warware shi ba.

Awon kansa ana yawan ɓata shi da gaggawa. Mutum ya sauko daga babur cikin rana, goro a baki, a ɗaura masa na'ura a kan hannun riga yana ta gaisuwa. Wannan lamba ba ta gaskiya ba ce. Ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, babu magana. A auna sau biyu, sannan a sake a wata rana dabam kafin a ce masa yana da hawan jini, sai fa in awon ya kai 18/11 ko akwai alamar haɗari, wannan ba a jira. Maɗaurin da ya yi wa damtse ƙanƙanta yana ɗaga lamba, kuma asibitoci da yawa maɗauri ɗaya tal gare su.

Lambobin suga sun fi rikitarwa, musamman a garuruwan bakin iyaka. Mu da giram a lita muke rubutu, 1.26 kafin karin kumallo shi ne bakin ciwon suga. Na'urar da ɗan mutum ya sayo masa daga Mubi ko Maiduguri tana iya nuna 126, wata kuma 7.0, alhali duk abu ɗaya ne. A rubuta ma'aunin a jikin na'urar da kan karne, wato littafin asibitin majinyaci. Ƙasa da 0.70, wato 70 ko 3.9, suga ya faɗi: ƙwayar sukari uku a narke a ruwa, a sake awo bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Masu shan ƙwayar ciwon suga ta glibenclamide da masu allurar insulin su suka fi faɗa wa wannan, galibi cikin azumi, shi ya sa ake gyara tsarin shan magani tun cikin Sha'aban.

Ita insulin, zafin Garwa da Marwa na watan Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, shi ne abin tsoro. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firij, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da ɗakin ƙanƙara, don in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe tana kai mako huɗu a waje. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin Dagahaley na Kenya, ya nuna tana riƙe ƙarfinta tsawon wannan lokaci a zafin da ke kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37. Gidan da babu lantarki sai a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a aje a inuwa inda iska ke ratsawa. Kwalbar ta shiga leda ko gwangwani mai murfi, kada a tsoma ta cikin ruwan randa, takardar jikinta za ta saɓule, bakinta kuma ya gurɓace. A kuma dubi sirinji. Insulin mai ƙarfin 100 ba ta tafiya da sirinjin da aka zana wa 40. Wanda ya ja ta har layin 20 a irin wannan sirinji, 50 ya yi wa kansa. Kwalbar mililita 10 tana ɗauke da 1,000, saboda haka mai yin 40 a yini kwana 25 za ta kai shi. In aka ba shi ranar dawowa bayan kwana 30, an bar shi kwana biyar hannu rabbana.

Kantin magani na asibiti ma yana da nasa tarkon. Mai kula da shi yakan duba abin da aka sayar watan jiya ya yi oda a kansa. To in maganin ya yanke kwana 12 a watan, abin da aka sayar bai nuna buƙata ba, sai oda ta yi kaɗan, ya sake yankewa, haka dai har a ce mutanen garin ba sa sayen maganin hawan jini. Lissafi daga rijistar majinyata ake ɗaukarsa. Mutum 200 a kan ƙwaya ɗaya kullum, 6,000 ke nan a wata, a ɗora ajiyar wata guda da ta kwanakin da kaya ke yi a hanya. Ba da maganin wata uku a lokaci guda ga wanda awonsa ya daidaita abu ne mai kyau, don sau da yawa kuɗin babur zuwa da dawowa ya fi kuɗin ƙwayar. Amma in aka fara da kowa a wata ɗaya, ƙwaya 18,000 za a nema nan take, kantin ya wayi gari fayau. A raba su kashi uku, kowane wata kashi ɗaya ya shiga. Mutanen da ruwa ke yanke wa hanya, kamar na bakin Logone wajen Yagwa, su karɓi nasu tun Yuni, kafin rafuka su kawo.

Ba sabon abu ake nema a ƙirƙiro ba, domin aikin ƙanjamau ya riga ya share hanya a cikin waɗannan asibitoci. Maganin ƙanjamau kyauta ne a Kamaru tun 2007, daga Janairun 2020 kuma aka cire sauran kuɗaɗen da ake biya wajen kula da masu shi. Kowane majinyaci da lambarsa, da ranar dawowarsa a rijista, in ya makara a buga masa waya, in ba a same shi ba a tura ma'aikacin lafiya na unguwa. Ɗakin da ke kusa, inda ake ganin mai hawan jini, yawanci babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Karne yana hannun majinyaci, in ya ɓata tarihinsa ya tafi. Littafi guda mai layi-layi ya isa a fara: suna, unguwa, lambar waya biyu, magani, awo, ranar dawowa. Kowace Juma'a a fitar da sunayen waɗanda suka wuce ranarsu da mako biyu. Lamba biyu kawai shugaban asibiti ke buƙata a ƙarshen wata, nawa suka dawo, nawa ne awonsu ke ƙasa da 14/9.

Inda tsarin gwamnati ya bar giɓi a fili yake. Shirin kiwon lafiya ga kowa, CSU, da aka ƙaddamar a Afrilun 2023, ya mai da wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara. A da 5,000 ake biya kowane zama, wato 520,000 a shekara ga mai zuwa sau biyu a mako. Sauƙi ne babba, babu mai musu. Sai dai hawan jini da ciwon suga suna kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda, kuma matakin farko na shirin bai ɗauki ƙwayoyinsu ba. An tanadi taimako a bakin kabari, an bar mutum da aljihunsa tun yana da sauran ƙoda. Jerin da za a fara da shi gajere ne: amlodipine, hydrochlorothiazide, enalapril, metformin, insulin da sirinjinta, da tsinken awon suga. A sa su cikin shirin, a tabbatar CENAME, babban rumbun magunguna na ƙasa, da rumbunan jihohi suna kai su har ƙaramin asibiti, a kuma ba malamin asibiti takardar matakai guda ɗaya da zai bi ya fara magani ya ƙara ba sai likita yana nan ba. A kan takardar a rubuta da manyan baƙi cewa enalapril ba ya zuwa ga mai ciki ko mai neman ciki, kuma a tambayi kowa ko yana shan diclofenac na tebur don ciwon gwiwa, domin yana ɗaga awo yana kuma cin ƙoda.