Mun dawo gida da Baba, ga godiyata

Assalamu alaikum. Daren jiya muka sauka Kano, kuma da ƙafarsa Baba ya shiga gida, ko hannu bai yarda an riƙe masa a zaure ba. Alhamdulillahi. Ni kam har yanzu in na rufe ido jiniyar motar asibitin Faris nake ji, don haka ku yi mini uzuri in maganar ta zo a hargitse.

Duk kun bi abin da ya faru, yadda Baba ya faɗi da ciwon zuciya muna ziyara a Faris, ba sai na maimaita ba. Abin da ban gaya muku ba shi ne inda ya faɗi. Shekara 31 Baba ya yi yana koyar da zane a sakandare, kuma akwai hoto guda da yake nuna wa ɗalibai daga wani tsohon littafi har takardar ta koɗe: zanen da Millet, wani mai zane Bafaranshe, ya yi a 1857, mata uku suna kala a gonar alkama bayan girbi. Saboda shi muka je Orsay, tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan ta bakin kogin Sen da aka mayar gidan zane-zane a 1986. Kwana biyu kafin nan a gidan zane-zane na Louvre, leƙen zanen Mona Lisa kawai ya yi ta saman kawunan mutane, ya ce "ita ke nan?" muka wuce. Amma a gaban matan nan ya fi minti 20 a tsaye. Yana nuna mini tarin amfanin gona can baya da mai doki yana duba ma'aikata, ya ce in lura, cikin ukun babu wadda kanta ya haura inda ƙasa ta haɗu da sama. Ya ce bayan ta tsakiyar sak na mahaifiyarsa. Sai na ji hannunsa ya yi nauyi a kafaɗata.

Daren farko a asibiti shi ne ba zan manta ba. An shiga da shi, an ba ni takarda in sa hannu, ni kuwa faransancina bai wuce gaisuwa da tambayar kuɗin burodi ba. Na zauna a dandaryar baranda ina cewa wayyo Baba, wayyo Allah. Wata dattijuwa mai goge-goge ta ajiye bokitinta ta ce, "Sannu ɗiyata, mi ya faru?" Wallahi sai da na waiga in ga ko da wani take. Ashe 'yar Damagaram ce. Ta karanta mini takardar layi-layi, ta kira likita ya sake bayani tana fassarawa, sannan na fahimci jijiyar zuciya ce ta toshe, ɗan ƙaramin bututu za su sa su buɗe ta. Ta tashi aiki amma ba ta tafi ba sai da aka fito da shi.

Baba ba ya son a ambaci mai alheri a bainar jama'a, wai ana rage masa lada. Ya yi haƙuri yau. Inna 'yar Damagaram, na san jikanyarki za ta karanta miki wannan: kunun gyaɗar da kika kawo rana ta uku shi ne abu na farko da ya shiga cikinsa. Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya zuri'arki, Ya kai ki Makka, Ya sa kada ki taɓa rasa mai tsaya miki.

Sai mai gidan abincin nan ɗan Aljeriya na kusa da masaukinmu. Kafin ciwon kullum can muke cin kuskus da rago, bayan mun sha shayin na'ana'a a Babban Masallacin Faris. Da ya gan ni ni kaɗai ya tambayi ina Alhaji, tun daga ranar kowace magariba akwai kwanon miyata a ajiye, kuma ko sisi bai karɓa ba. Haka mai gidan burodi, ita ce ta yi ta dariya ranar da Baba ya sansana cukun kamamba ya ce wannan ai daddawar Turawa ce, ya kuma cinye. Har ƙofa ta biyo ni da burodi mai zafi, ta dafa ƙirjinta. Ban ji abin da ta ce ba, amma na gane.

Yaya Babba, kai ka hana ni mita a kan inshorar lafiyar nan ta Yuro 30,000 da ake sharɗantawa kafin a ba da biza, ga shi ita ta rufa mana asiri. Abban yara, ka riƙe gida mako uku ba ka taɓa cewa yaushe za ki dawo ba. Tsofaffin ɗaliban Baba da suka yi saukar Alƙur'ani, da maƙwabta, da ku da ban taɓa ganin fuskarku ba kuna kirana tsakar dare, Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya yaye muku abin da ya dame ku, Ya ba marasa lafiyarku lafiya.

'Yan uwanmu na Beljiyam, mun ga saƙonku na waya, mun gode. Na san aiki ya yi yawa, ko da yake jirgin ƙasan bai kai awa biyu ba.

Masu zuwa dubiya, don Allah sai bayan La'asar, kuma ban da soyayyen nama, likita ya hana. Ku shirya jin ƙorafi: tun a jirgi yake cewa tikitinsa na Orsay bai ƙare ba, tunda bai hau bene ya ga zanen Van Gogh da babban agogon ba.