Abin da Na Fito da Shi daga Shagonmu na Asabar

Na daina zuwa shagon da muke haɗuwa ranar Asabar muna taɓa aikin ƙarfe don sha'awa, kuma har yau maganar farantin nan tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Farantin ƙarfe ne aka ba ni in huda, in fiƙe bakin kowane rami da kauntasink, wato kaifin da ake ɗaura wa injin huda, ya zama kamar mazurari, yadda kan noti M6, mai kaurin milimita shida, zai nutse ya yi daidai da fuskar ƙarfen. Na yi. Da aka ɗaure, notocin suka ƙi zama, bayan ɗan aiki suka fara kwancewa. Dattijon da ke riƙe da makullin shagon ya ce a gaban kowa hannuna ne ke rawa.

Hannuna lafiyarsa lau. Kauntasink ɗin da shi da kansa ya sayo mai kusurwar digiri 82 ne, wanda aka yi don notocin inci na Amurka. Notocinmu na milimita ne, ƙasan kansu digiri 90. Idan aka haɗa su, kan notin gefen sama kawai yake taɓawa, ƙasa kuwa fili ne, duk nauyin ɗaurin yana kan siririn zobe ɗaya. Ta yaya zai riƙe? Lambar tana rubuce a jikin kayan. Na miƙa masa na ce, "Baba, don Allah duba nan." Ko karɓa bai yi ba, cewa ya yi tun ban san ƙarfe ba yake wannan aiki. Gaskiya ne, amma shekaru ba sa mayar da 82 ta zama 90. Wanda duk zai fara wannan aiki, ya karanta lambar da idonsa kafin ya kunna inji, ko da wa ya miƙo masa kayan.

Sauran darussan ƙanana ne. Idan bakin ramin ya fito da gargada, gudun injin ya yi yawa ko aikin bai ɗauru tamau ba. A rage gudun sosai ƙasa da na huda, a danna da hannu mai nauyi. Kauntasink mai haƙori ɗaya ya fi mai haƙora da yawa rashin karkarwa. Alminiyom yana liƙe wa kaifi, ɗigon kananzir ke hana shi. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa, in ka bar kaifin yana gogarsa bai yanka ba, tauri yake ƙarawa nan take.

Yanzu a ɗakin bayan gida nake aikina. Mai 82 da mai 90 kowanne da akwatinsa, na rubuta lambar a murfi da fenti ja.