Taima mai ƙara amma ba ta tafiya

'Yan uwa masu koyon gyaran firji, yau kam na samo kan firizar gidanmu, kuma wallahi raina fari ƙal.

Alamomin kun san su: ƙanƙara ta toshe bututun sanyi na bayan faifan ciki, fanka tana gogar ta, sama akwai ɗan sanyi, ƙasa kuwa ruwa ma ba ya hucewa. Duk wanda ya leƙa sai ya ce gas ne ya ƙare. Ina gas ya ƙare alhali bututun ya yi fari fat tun daga sama har ƙasa? In da gas ne, a gefe guda kawai ƙanƙarar za ta taru.

Hita, wato abin da ke ɗaukar zafi ya narkar da ƙanƙarar, lafiya lau, mitar awo ta nuna om (ma'aunin turjiyar waya ga wuta) 240 da ɗoriya, daidai da hita mai wat 200 a kan wuta 220. Fis ɗin zafi bai yanke ba. Bayimetal ma, wato makunnin da sanyi ke rufewa don wuta ta kai ga hita, na gwada shi cikin ƙanƙara, ya rufe yadda ya kamata.

Sai taima, wato agogon da ke tsayar da kwamfireso (injin sanyi) lokaci-lokaci ya kunna hita. Nan ne na sha wahala. Na sa sukundireba na murɗa ta a hankali har ta ce ƙas, kwamfireso ya tsaya, hita ta ɗau zafi, ruwa ya fara ɗiga. Na kara kunne, motarta tana ƙara. Ka ga kowane sashe ya ci jarrabawa ke nan, amma da na narkar na mayar da komai, bayan 'yan kwanaki ƙanƙara ta dawo, har naman da muka ajiye ya fara wari. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Murɗawa da hannu makunnin ciki kaɗai take gwadawa, ba ta nuna ko taimar tana kai kanta wurin narkarwa. Sai na ɗauki alƙalamin maka na ja layi daga kan maɓallin da ake murɗawa zuwa jikin taimar, na bar firizar tana aiki. Irin wannan taima tana shiga narkarwa ne duk bayan kamar awa 6 zuwa 8 na aikin kwamfireso, don haka in tana tafiya dole layin ya goce. Ku kula, a lissafa lokacin da akwai wuta kaɗai, in an ɗauke ita ma tsayawa take. Na dawo, layi yana nan inda na bar shi. Da na ɓalle murfin, ga ɗan giyan roba haƙoransa sun cinye, mota tana juyawa a banza.

Sabuwar taima naira dubu tara na saye ta, ta ci min tuwo a ƙwarya, ga asarar nama. In za ku saya ku tafi da tsohuwar, don ƙafafu huɗun da ake haɗa wa waya iri ɗaya ne a ido amma haɗin wayar motar yakan bambanta.

Da daren jiya ina zaune na ji sabuwar ta ce ƙas, da kanta, ba wanda ya taɓa ta. Saura ramin fitar ruwa, na ga yana jan jiki. Wanda ya taɓa wanke shi ba tare da ya cire faifan baya ba, don Allah ya faɗa min yadda ya yi.