Kafin ka tura kuɗinka ga mai alƙawarin ninka maka jari

Saƙon yakan shigo ne ta WhatsApp, galibi daga hannun wani da kake ganin girmansa, yana cewa akwai kamfanin da ke saye da sayar da hannayen jari, kuma duk wanda ya zuba naira dubu 100 zai karɓi ribar kashi 30 cikin 100 a ƙarshen kowane wata. A ƙarƙashinsa akan liƙa hoton alat na banki da hoton takardar rajista, sannan a ƙara da cewa guraben sun kusa cika.

Abu na farko da nake yi shi ne lissafi. Idan aka bar naira dubu 100 tana ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, cikin shekara guda za ta haura naira miliyan 2 da dubu 300. Idan kuma ninkawa ake yi kowane wata, kamar yadda CBEX, wata manhajar zuba jari ta intanet, ta yi alƙawari kafin ta rushe a watan Afrilun 2025, kuɗin zai zarce naira miliyan 400. A kwatanta wannan da Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, wato NGX, wadda a shekarar 2020, da ake ƙirgawa cikin shekarunta na albarka, ta tashi da kusan kashi 50 a tsawon shekara gaba ɗaya, ita ce kuma ta zube da fiye da kashi 40 a 2008. Wanda ya san hanyar samun irin waccan riba ba ya buƙatar dubu 100 ɗinka, domin banki zai ba shi rance a kan kuɗin ruwan da bai kai ko kusa da abin da yake cewa zai ba ka ba.

Duk da haka, girman ribar bai dame ni kamar tabbacin da ake bayarwa a kanta ba. Farashin hannun jari yana hawa yana sauka, kamfani kuma yana iya raba wa masu hannun jari riba bana ya kasa baɗi, saboda haka dillalin gaskiya ba zai yanke maka adadi ya ce babu asara ba. Masu wannan harka a ƙasar Hausa sun koyi yi mata ado da kalmar halal, alhali kuwa a tsarin mudaraba, inda wani ke kawo jari wani kuma ya juya shi, malaman fiƙihu sun bayyana cewa kason ribar da aka samu ake rabawa, asarar dukiya kuma tana kan mai uwar kuɗi muddin babu sakaci, don haka lamunce wani adadi tun kafin a yi ciniki yana ɓata yarjejeniyar.

Hujjar da ta fi cin mutane ita ce ta cewa wane ya karɓi nasa. Ya karɓa kuwa, ban musa ba. Sai dai a tambayi daga ina kuɗin ya fito. Tun zamanin ɗan damfara Charles Ponzi a birnin Boston a 1920 dabarar ba ta sauya ba: kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, su kuma na farkon su zama masu talla ba tare da sun san abin da suke tallatawa ba. Haka MMM ta riƙa biyan kashi 30 a wata har zuwa Disambar 2016, lokacin da aka rufe asusun mutane ana dab da Kirsimeti. Shi ya sa nake zargin duk tsarin da ke ba da lada a kan kawo sababbin mutane.

Batun takardu kuma yana buƙatar natsuwa. Rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, tana nuna cewa an kafa kamfani ne kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Wannan izini hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari ce ke bayarwa, kuma tana da jerin sunayen waɗanda ta yi wa rajista a shafinta na intanet, wanda kowa zai iya dubawa ta waya. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba ga masu gudanar da irin wannan damfara.

Wanda ya sayi hannun jarin Dangote Cement ko MTN ko Jaiz Bank ta hannun dillali mai lasisi, ana buɗe masa asusu a CSCS, wato cibiyar da ke adana bayanan hannayen jarin da aka saya, da sunansa da lambarsa, inda zai ga adadin abin da ya mallaka ko da dillalin ya rufe ofis. Lambobin da ke ƙaruwa a manhajar kamfanin da ya karɓi kuɗinka kuwa, shi ne ya rubuta su da hannunsa. Saboda haka ka tambayi sunan kamfanonin da aka saya maka, ka nemi shaidar CSCS, ka kuma lura ko asusun da aka ce ka tura kuɗi na kamfani ne ko na wani mutum. Idan ka zo cire kuɗinka aka ce sai ka fara biyan kuɗin tantancewa, kamar dala 100 ko 200 da aka nema daga masu asusun CBEX bayan rushewarta, kada ka ƙara ko sisi, ka tattara rasit da saƙonnin da ke hannunka ka kai ƙara ga SEC ko EFCC.