Ferulik asid da ya koya min haƙuri

Watana uku da fara aiki a ɗakin haɗa kayan shafa aka ce in gwada siram ɗin nan, wato ruwan shafawa a fata, mai bitamin C da E da ferulik asid (wani sinadari da ake samu a tsirrai), haɗin da Sheldon Pinnell da abokan aikinsa na Jami'ar Duke a Amurka suka wallafa a 2005, kashi 15 cikin ɗari na C, kashi 1 na E, rabin kashi na ferulik. Duk ukun aikinsu ɗaya, kare fata daga ɓarnar iska da rana, don haka ni a tunanina ai zubawa ne kawai a juya.

Bitamin C bai wahalar da ni ba, shi dama ɗan ruwa ne, lita ɗaya tana shanye giram 300 da ɗoriya. Ferulik ne ya nuna min iyakata. Na zuba a ruwa ya ƙi, sai yawo yake kamar rairayi, na ɗora a wuta na yi ta juyawa har ya ɓace, ina ta murna na rufe kwalba na sa a firiji. Bayan kwana biyu sai ga wasu siraran ƙwayoyi kamar allurai sun kwanta a gindin kwalbar, ashe zafi ne ya riƙe shi, da ya huce sai ya saki. Ga shi zafin ya taɓa bitamin C ɗin, launi har ya fara rawaya.

Ogata ta ɗaga kwalbar a haske ta yi dariya, ta ce "Malama, kin tambaye shi ko ruwa yake sha kafin ki ba shi?" Sannan ta nuna min, ferulik sai an fara narkar da shi shi kaɗai a gilaikol ko etanol, wato sinadaran da ake narkar da abu a cikinsu, a tabbatar ya yi garau, sannan a riƙa tsiyaya shi cikin ruwan a hankali, kuma in gilaikol ɗin ya yi kaɗan zai sake fitowa ko da an bi tsarin.

Bitamin E kuwa mai ne zalla, ɗigo-ɗigo yake tasowa sama. Sai an kwaɓa shi da folisobet, sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, tukuna kafin ya ga ruwa, na taɓa juya tsarin don sauri, abin ya yi hazo ya ƙi washewa. Ga pH kuma, wato ma'aunin tsami, da ake so ya tsaya ƙasa da 3.5 don C ya ratsa fata.

Yanzu duk haɗin da na yi kwalba uku nake rabawa, ɗaya firiji, ɗaya kan tebur, ɗaya a ɗumi, kullum da safe in haska su da tocila. Gwaji na huɗu ne ya yi wata guda babu laka a ƙasa, sai dai shi ma ya ɗan yi rawaya, wannan kuma laifin iskar da na bari a wuyan kwalba ne.