Tarihin Rayuwata, Kashi na Biyar: Yadda Na Koma Kan Jitar Bas

Na baro Tawa na zo Yamai ne da niyyar zama mai jitar gaba, domin duk saurayin da ya taso yana kallon gasar kiɗa ta Dan Gurmu, wadda aka fara a garinmu a 1987, burinsa ya tsaya a bakin dandamali ana yi masa tafi. Ƙungiyar da ta karɓe ni kuwa masu jita sun yi mata yawa, mai bas, wato jita mai kaurin murya, shi ne babu. Shugabanmu ya miƙo mini wata tsohuwar bas mai ƙirar Fender, wadda fentinta ya goge daidai inda babban yatsa ke zama, ya ce, "Ƙanena, riƙe wannan, kuma daga yau kunnenka yana wurin mai ganga, ba wurina ba." Na ce, "To, Yaya."

Tsirkiya huɗu gare ta, masu sautin Mi, La, Re da Sol, kuma mai kaurin cikinsu ta kumbura mini yatsu kafin fatar ta yi kanta. Daga kaset-kaset na kiɗan rock na Ingila da Amurka na koyi ƙirga huɗu-huɗu, inda bas ke sauka tare da babbar gangar da ake bugawa da ƙafa. Amma takamba, kiɗan rawar gargajiya da ake yi da ƙwarya, ba ta tafiya a kan wannan ƙirga, don haka sai na riƙa zama kusa da mai ƙwarya ina kallon hannunsa, duk inda ya sauke dunƙule a tsakiyarta nan nake ajiye sautina, inda zobbansa ke ƙara kuma in bar masa fili. A ganina wannan barin filin shi ne rabin sana'ar, kuma yawancin masu tasowa ba su da haƙurinsa.

Tsirkiyar bas tana da tsada, ga gumi da ƙurar hunturu suna kashe mata murya. Idan ta dushe, nakan kwance ta, in naɗe, in tafasa a tukunya har dauɗar ta taso saman ruwa, in shanya, sannan in mayar. Takan ƙara ɗan lokaci tana amo garau.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin bikin aure na farko da muka yi wa kiɗa a unguwar Bukoki, daren da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rawa.